Kula da Kunnen Kare: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu su karanta, sa'an nan su karanta wa dagatai da masu unguwa, har maganar ta kai ga mafarauta, da makiyaya, da duk wanda ya ajiye kare a gidansa. Watakila wani ya yi mamaki, ya ce ina ruwan Hakimi da kunnen kare, alhali ga rikicin gona da na burtali suna jiransa a ƙofar fada. Dalili shi ne, kare mai ciwon kunne ya kan yi saurin cizo, ƙarar cizon kare kuwa gaban dagaci ko Hakimi a kan fara kai ta. Har wa yau, waɗansu alamun ciwon kunne sun yi kama da na haukan kare. Saboda haka wani lokaci a kan kashe karen da magani kaɗan zai warkar, wani lokaci kuma, abin da ya fi muni, mutum ya kan kama mahaukacin kare da hannu yana tsammani kunne ke damunsa.

Malamai sun san shari'a ta yarda a ajiye kare domin farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona. Sun kuma san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Wanda ya ajiye dabba yana amfani da ita, nauyin cinta da shanta da lafiyarta yana wuyansa.

Yadda kunnen kare ya ke

Ramin kunnen mutum gajere ne, kusan a miƙe ya ke har zuwa dodon kunne. Na kare ba haka ba ne. Ya fi tsawo, ya kan kai inci biyu zuwa huɗu gwargwadon girman karen. Da fari ya gangara ƙasa kamar rijiya, sa'an nan ya karya kwana ya nufi cikin kai, a can ƙarshe ne dodon kunne ya ke. Dodon kunnen kuwa 'yar fata ce marar kauri, kamar ɓawon albasa. A bayanta akwai kunnen tsakiya, da kunnen ciki wanda ke ɗauke da ji, shi ne kuma ke riƙe dabba ta tsaya daidai ba ta tangaɗi.

Duk wanda ya gane wannan siffa ya gane rabin darasin. Abin da ya faɗa ramin nan ba ya fita da sauƙi, ruwa ne ko ƙasa ko ƙwayar ciyawa. Wanda kuma ya zura tsinke yana neman ya kwashe dauɗa, tura ta ya ke yi zuwa kwanar nan, ya danne ta kamar mai ɗura albarushi a bindiga. In karen ya fizge kai a lokacin, tsinken na iya huda dodon kunne.

Allah ya yi wa kunnen hanyar share kansa. Fatar ramin tana fid da ɗan maiƙo, tana kuma turo shi waje a hankali tare da ƙurar da ya kama. Don haka kunne mai lafiya ba ya bukatar wanki. Alamarsa ita ce, cikinsa fes, ba ja ba kumburi, ba wari, dauɗar da ke ciki kaɗan ce, karen kuma ba ya jin zafi in an taɓa. Irin wannan kunne a duba shi sau ɗaya a mako, a bar shi. Yawan wanke shi shi kansa ya kan jawo ciwo, gama laima ce ƙwayoyin cuta ke so.

Alamun ciwo kuwa ba su ɓuya. Karen zai riƙa kaɗa kai, yana susar kunne da ƙafar baya, yana goga shi a bango ko a ƙasa. In an ɗaga kunnen a ga ya yi ja, ko a ga baƙar dauɗa, ko mugunya, a ji wari. Karen da a da ya ke son a shafa kansa sai ya riƙa kaucewa, ko ya yi gurnani.

Abubuwan da ke kawo ciwon

Kowa ya taɓa ganin karnukan ƙauye da damina, bakin kunnuwansu duk ya ɓare, jini ya bushe a kai ya yi baƙi. Mutane da yawa suna ɗauka faɗa ne da 'yan'uwansu. Galibi ba faɗa ba ne, aikin wani ƙuda ne mai shan jini. In ka gan shi sai ka ce ƙudan gida ne, amma yana da baki mai tsini kamar allura. Da rana ya ke cizo, namiji da mace duka suna shan jini, su ne kuma ke sa dawaki da shanu buga ƙafa a turke. A jikin kare sun fi son tsinin kunne in kunnen a tsaye ya ke, ko wajen lanƙwasa in mai faɗowa ne, domin fatar wurin ba kauri, gashi kuma kaɗan ne. Sun ciza, jini ya fito, jinin ya kira waɗansu ƙudaje, karen ya kaɗa kai, gyambon ya sake buɗewa. Haka za a yi ta yi har bakin kunnen ya cinye.

Wannan ƙuda a cikin ruɓaɓɓiyar ciyawa da harawa da suka cuɗu da kashi da fitsarin dabbobi ya ke yin ƙwai, kuma da zafi da laima, cikin kamar mako uku ƙwan ya zama ƙuda. To, a nan sai mu ce, Allah ya ja zamanin Hakimai, a fara dubawa daga bargar gidan sarauta. In ana kwashe shara daga turke ko wane mako, a kai ta gona a baza ta bushe, ko a binne ta a ramin taki, an yanke wa ƙudan hanya tun bai yi fiffike ba, dawaki ma sun huta. Shi karen kuwa, a wanke masa gyambon da ruwan ɗumi da sabulu, a tsane, a shafa basilin da kauri safe da yamma, a ɗaure shi a inuwa nesa da turke da juji, ko a sa shi ɗaki da rana har ya warke. Malamin dabbobi yana da man shafawa mai korar ƙuda wanda aka yi domin karnuka. Gyambon da aka ƙyale, waɗansu ƙudaje na iya yin ƙwai a ciki ya yi tsutsa.

Na biyu kaska. Kaskar kare ja-ja ce, tana son cikin kunne, da tsakanin yatsu, da wuya. Ban da shan jini, tana sa wa kare cututtukan da ke kawo zazzaɓi da ƙarancin jini, har su kashe shi. In za a cire ta, a kama ta da ɗan hantsaki daf da fata, a ja a hankali a miƙe, kada a murɗa, kada a matse cikinta, kada a ƙona ta da wuta tana jikin karen. A jefa ta a wuta bayan an cire, a wanke hannu. Wadda ta shige can cikin rami a bar wa malamin dabbobi. Amma a sani cire kaska daga kare kaɗai aikin banza ne, domin macen ta kan sauka ta shiga tsagar bango ta zuba ƙwai dubbai. Sai an share makwancin karen, an liƙe tsagogin, an yi feshi da maganin da ma'aikaci ya nuna.

Akwai kuma wani ƙwaro ƙanƙane ƙwarai, fari, da ƙyar ido ke ganinsa, wanda ke zama cikin ramin kunne. Ya fi kama 'yan kwikwiyo da kyanwoyi. Dauɗar da ya ke kawowa baƙa ce, busasshiya, kamar garin gawayi, ga ƙaiƙayi mai tsanani. Yana yaɗuwa daga dabba zuwa dabba, saboda haka in ɗaya ya kamu sai a yi wa dukan karnuka da kyanwoyin gidan magani tare. Daga ƙwai zuwa babba mako uku ne, shi ya sa wanda ya daina magani bayan kwana biyar don ya ga sauƙi, ba da daɗewa ba ciwon zai komo.

Da kaka, sa'ad da ciyawa ta bushe aka fara fita farauta, sai a lura da ƙarangiya da ƙwayoyin ciyawa masu tsini. In kare ya fita lafiya ya komo yana kaɗa kai ba ƙaƙƙautawa, yana karkata shi gefe guda, mai yiwuwa wani abu ya shige. Wanda ke waje ana ganinsa a cire da hannu. Wanda ya nutse, ba mai fid da shi lafiya sai mai abin haska kunne da dogon hantsaki, sau da yawa ma sai an yi wa karen allurar barci. Mafarauci mai hankali ya kan duba kunnuwan karnukansa duk ranar da aka komo daga daji.

Karnukan ƙasashen waje da a ke saye domin gadi a birane, musamman masu dogon kunne mai faɗowa da masu gashi a cikin kunne, sun fi namu saurin kamuwa, gama iska ba ta shiga kunnen ya bushe. In za a yi musu wanka a kiyaye kada ruwa ya shiga, a kuma tsane kunnen da ƙyalle bayan an gama. Karen da ciwon kunne ke tafiya yana komowa, tare da susar jiki da lasar ƙafa, sau da yawa wani abu ne jikinsa ba ya so, a abinci ko a wurin da ya ke zaune, sai likita ya bincika.

Wani lokaci kuma, saboda yawan kaɗa kai, jijiya ta kan fashe a cikin fatar kunne, jini ya taru, kunnen ya kumbura ya yi taushi kamar salka. Kada wanzami ko mai kare ya tsaga shi. Zai sake cika, ƙwayoyin cuta kuma su sami ƙofa. Aikin likita ne.

Yadda a ke sharewa

Ba a share kunne a gida sai in dauɗa ce kawai ta yi yawa, karen kuma lafiyarsa lau, yana ci yana sha, ba ya kuka in an taɓa. In akwai mugunya, ko jini daga cikin rami, ko zafi mai yawa, ko karkata kai, kada a zuba kome. Mai yiwuwa dodon kunne ya huje, abin da aka zuba kuwa zai wuce ciki ya kurumtar da shi.

Aikin na mutum biyu ne, kuma manya, ban da yara. Wanda karen ya sani shi zai riƙe shi. A sa masa takunkumi: a sami tsiri na ƙyalle mai tsawon kamu biyu, a zagaya bakin da shi, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, sa'an nan a kai bakin ƙyallen bayan kunnuwa a ɗaure. Ko karen da bai taɓa cizon kowa ba, zafi na iya sa shi. Kada takunkumin ya daɗe, musamman da rana, domin ta baki kare ke fid da zafin jikinsa.

Sai a ɗaga kunnen sama a duba a wurin haske. A sami auduga mai tsabta, a jiƙa ta da ruwan da aka tafasa ya huce, wanda aka sa wa gishiri kaɗan, misalin giram 9 a lita guda. A matse audugar, a naɗa a yatsa, a goge cikin fatar kunnen da lungunanta daga ciki zuwa waje. Ko wane kunne da tasa audugar, don kada a ɗauki cuta daga wannan a kai wa wancan. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce, inda yatsa ya tsaya, nan aiki ya tsaya.

Shi ramin kansa ba a wanke shi sai da ruwan wanke kunne na musamman da a ke samu wurin likitan dabbobi, bayan ya duba ya ce a yi. In ya bayar, a ɗiga har ramin ya cika, ba tare da bakin kwalbar ya taɓa kunnen ba. A murza gindin kunnen a hankali kamar rabin minti, za a ji ruwan yana motsi a ciki. Sa'an nan a saki karen ya kaɗa kansa, shi zai fid da dauɗar da kansa, a goge abin da ya fito. In akwai maganin ɗigawa, bayan sharewa a ke sa shi, a kuma cika kwanakin da aka faɗa. Da an gama a ba karen ɗan nama, gobe ba zai gudu ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi: kwikwiyon da aka saba taɓa masa kunne tun yana ƙarami ba ya ba da wahala in ya girma.

Abubuwan da ba a sa wa kunne

Tsinken ashana, da tsinken tsintsiya, da gashin kaza, da tsinken nan mai auduga a baki da a ke sayarwa a kanti, duk hukuncinsu ɗaya. Kananzir da fetur suna ƙona fata. Baƙin mai na mota, wanda waɗansu ke shafa wa gyambo don korar ƙuda, dafi ne, karen kuma zai kai shi baki in ya yi susa ya lashi ƙafa. Fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona sun fi duka haɗari, suna ratsa fata su shiga jiki, su kashe karen, su kuma cuci wanda ya shafa. Toka da barkono da ruwan taba azaba ce kawai. Ragowar maganin ɗigon kunne na mutane ma kada a yi amfani da shi, domin waɗansunsu suna kashe ji in dodon kunne a huje ya ke. Haka nan kada a ba kare ƙwayoyin rage zafi na mutane bisa ga ra'ayin kai, akwai waɗanda ke huda masa ciki su lalata ƙoda.

Game da al'adar waɗansu mafarauta ta yanke wa kwikwiyo kunne, suna cewa don kada ƙaya ko naman daji ya kama shi, ko don kada ya yi ciwon kunne, binciken likitoci bai nuna yankan yana hana ciwo ba. Fatar kunne ita ke tattaro sauti, ita ke kuma tsare bakin ramin daga ƙura da ruwa. Ƙasashen Turai da yawa sun hana wannan yanka bisa yarjejeniyar kare dabbobin gida ta 1987. Ya kamata sarakunan farauta su sake duba al'amarin.

Bambanta shi da haukan kare

In ciwo ya ci har kunnen ciki, karen ya kan karkata kai, ya riƙa zagaye gefe guda, yana tangaɗi yana faɗuwa, idanunsa suna rawa. Mai gani daga nesa sai ya ce hauka ne. Amma irin wannan kare ya san ubangidansa, yana ƙoƙarin ci da sha, galibi kuma an daɗe ana ganinsa yana susar kunne. Mahaukacin kare kuwa halinsa ne ke sakewa cikin 'yan kwanaki. Mai fara'a ya zama mai faɗa, ko mai faɗa ya yi laƙwas. Ya kan ciji icce da dutse da duk abin da ya tarar, muryarsa ta sake, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana zuba, ya kasa haɗiya.

Duk da haka ba a ɗora wa talaka, ko dagaci, nauyin rarrabewa ba. Karen da aka yi shakkarsa, ko wanda ba a san mai shi ba, kada kowa ya taɓa kunnensa ko bakinsa. A rufe shi inda ba zai kai ga kowa ba in hakan zai yiwu ba tare da haɗari ba, a aika wa ma'aikacin dabbobi nan da nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 ko wace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka kuwa ta cizon kare. In alamun cutar suka bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti ran nan domin allura, kada a tsaya jiran a ga abin da zai sami karen. Shi karen a tsare shi kwana 10 ma'aikaci yana dubawa. Allurar rigakafi a kan fara yi wa kwikwiyo yana da wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana cikin masu yin ta. Masana sun nuna in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari allura, cutar ta kan daina yaɗuwa.

Abin da a ke roƙon Hakimai da malamansu

A karanta wannan bayani a taron dagatai, ya fi kyau kafin faɗuwar damina, a sake kuma kafin lokacin farauta. A kira sarkin farauta da ardo su ji da kunnensu, gama su ne mutanensu ke saurara. Ranar da ma'aikatan dabbobi suka zo allurar rigakafi, a yi shela masu karnuka su kawo su, a roƙi ma'aikacin ya duba kunnuwa tun da ga karen a hannu, ya kuma nuna wa jama'a yadda a ke ɗaura takunkumi da yadda a ke gogewa. Ranar 28 ga Satumba ta ko wace shekara, wadda a ke tunawa da yaƙi da haukan kare, ta dace da wannan. Ciwon da ya gagari asibitin dabbobi na kusa, akwai manyan asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Malamin Hakimi kuwa ya buɗe shafi a littafinsa domin cizon kare. Ya rubuta ranar da abin ya faru, da ƙauyen, da sunan wanda aka ciza da shekarunsa, da mai karen, da ko an taɓa yi wa karen allura, da abin da a ke yi masa sa'ad da ya yi cizon, da ranar da aka kai mutumin asibiti. In kwana goman sun cika ya ƙara rubuta halin da karen ya ke ciki, ya aika da kwafi ga ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.